Ɗana yana kwashe minti arba'in yana alwala: mene ne wannan, kuma yana da magani?

Tambaya: Wata uwa daga Agege ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 11 ya shiga wani hali wata takwas ke nan. Alwala ɗaya takan ci masa minti talatin zuwa arba'in, yana wanke gaɓa yana sakewa, har jarkar da suka saya wajen mai ruwa ta ƙare. In ya tayar da kabbara sai ya yanke ya sake. A yini yakan tambaye ta fiye da sau ashirin, "Umma, rigata ta taɓa najasa?" Hannuwansa duk sun tsattsage saboda sabulu. Mahaifinsa ya yi faɗa, ya yi duka, an yi ruƙiyya, abin sai gaba yake yi. Ga ƙanwarsa mai shekara 8 ita ma ta fara ƙin makaranta, kullum da safe ciwon ciki. Tana so ta san ko mene ne, ko yana da magani, da kuma inda za ta dosa a Legas.

Amsa:

Malama, Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara miki juriya. Ba a yanke wa yaro ciwo daga wasiƙa, sai an zauna da shi an saurare shi. Amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon waswasi mai tilasta maimaici, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da OCD. Ki haddace haruffan nan uku, za su yi miki amfani a asibiti. Ba hauka ba ne, ba taurin kai ba ne, ba kuma raunin imani ba. Yakan sami yaro ɗaya zuwa uku a cikin ɗari, kuma tsakanin shekara 8 da 12 na daga lokutan da ya fi ɓullowa, musamman ga yara maza. Yana da magani, kuma rabin maganin a hannunki yake da hannun Abbansa.

Ciwon nan yana da ƙafa biyu. Ta farko wani tunani ne da ke kutsowa ba a gayyace shi ba: "ƙila ruwan bai game gwiwar hannuna ba", "ƙila fitsari ya fallatsar mini". Tunanin yana zuwa da fargaba mai tsanani, irin wadda ake ji a ƙirji da ciki. Ta biyu ita ce abin da yaron ke yi don fargabar ta sauka: ya sake wankewa, ya sake kabbara, ya tambaye ki. Tana sauka kuwa, amma na 'yan mintuna. Abin da ƙwaƙwalwarsa ta koya daga nan shi ne: da ban sake ba, da na halaka. Gobe tunanin zai dawo da ƙarfinsa, kuma sau uku ba za su ishe shi ba sai sau bakwai. Duk wanda ya san agbero, wato ɗan tashan da ke karɓar kuɗi da tsiya, ya san wannan ciniki. Ka ba shi yau don ya rabu da kai, gobe yana nan yana jiranka, kuma kuɗin ya ƙaru.

Abin da ke raba ciwo da tsantseni na yaro mai son addini shi ne lokaci da wahala. Idan abin yana cin fiye da awa ɗaya a yini, yana sa shi kuka ko fushi, yana makarar da shi makaranta, to ya wuce tsantseni. Likita yana da ma'aunin tambayoyi da ke ba da maki daga 0 zuwa 40. Daga 16 zuwa 23 matsakaici ne, daga 24 zuwa sama mai tsanani. Ki nemi a gaya miki makinsa ranar farko, don da shi za ku gane ko ana ci gaba bayan wata biyu.

Akwai abu biyu da ya kamata likita ya ji daga bakinki. Na ɗaya, yadda abin ya fara. Wannan ciwon yakan shigo ne a hankali. Idan kuwa dare ɗaya yaro ya sauya, bayan ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ga fizgar gaɓoɓi, rubutunsa ya lalace ko ya koma fitsarin kwance, to sai likitan yara ya duba shi tukuna, har da zuciyarsa, domin ƙwayar cutar da ke kawo wani nau'in ciwon maƙogwaro takan haddasa irin wannan. Na biyu, ko akwai mai irin halin a dangi, ko wanda ya taɓa yin kwanaki ba barci yana ta surutu da ɓarnar kuɗi. Wannan na ƙarshe yana shafar zaɓin ƙwaya.

Sannan ki sa a ranki cewa abin da kike gani ba shi ne duka ba. Yara masu wannan ciwo da yawa suna ɗauke da tunanin da kunya da tsoro ba za su bari su faɗa ba: mummunar kalma game da Allah da ke faɗo musu a cikin sallah, ko hoton sun cutar da ƙaninsu, ko wani abin batsa. Yaron yana ganin ya kafirta, ko shi mugu ne. Ba ya son tunanin, shi ya sa yake azabtar da shi, kuma masu irin wannan tunani ba aikata shi suke yi ba. Kada ki tsare shi da tambaya. Ya isa ki ce masa, wata rana kuna zaune lafiya, "Masu waswasi sukan ji munanan abubuwa a zuciya waɗanda ba su so, ba laifinsu ba ne, kuma likita ya saba jin irinsu." Sahabbai ma sun kai wa Manzon Allah (SAW) kukan cewa suna jin abin da ba za su iya furtawa ba, ya ce musu wannan tsantsar imani ne. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim.

Tunda ciwon ɗanki ta ƙofar ibada ya shigo, bari mu tsaya a nan kaɗan, don iyaye da yawa suna tsoron kada magani ya koya wa yaro wasa da sallah. Fiƙihun da yake karantawa a Islamiyya ya riga likitoci magana. A cikin Ahalari an ce wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye, to ya sake, sai fa in mai waswasi ne, shi babu komai a kansa. Yara sukan haddace rabin farko, rabin na biyu ya wuce su. A babin rafkanuwa kuma an ce mai waswasi ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa. Wanke gaɓa iyakarsa sau uku, ƙari a kai ba lada ba ne. Manzon Allah (SAW) yakan yi alwala da mudu ɗaya, wato mudun Annabi da ake awon zakkar fidda kai da shi, ruwan da bai kai leda biyu ta fiyawata ba. Ki kwatanta da jarka mai lita 25. Ku sami malami ɗaya da yaron ke girmamawa, ya zauna da shi sau ɗaya, ya gaya masa hukuncinsa a matsayin mai waswasi, har da yadda zai yi da ba'adiyya, a rubuta a takarda. Sau ɗaya na ce. Idan aka bar shi yana zarya wajen malamai yana neman fatawa kullum, neman fatawar ya zama wata sabuwar alwalar.

Yanzu maganin. Wanda ya fi kowanne hujja a kan yara horo ne da ake kira ERP a taƙaice, ma'anarsa a tunkari abin da ake tsoro, sannan a ƙi yin maimaicin. Wani masani mai suna Victor Meyer ne ya fara gwada shi a Landan a 1966. Ana yin sa da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam, zama ɗaya a mako na kusan awa guda, yawanci zama 12 zuwa 20, amma ainihin aikin a gida ake yin sa kullum.

Farko ana raba yaron da ciwon. Ya raɗa masa suna da kansa, ko Agbero, ko Sarkin Naci, duk wanda ya ga dama. Abin kamar wasa, amma yana sauya maganar gida. Maimakon "kai wane irin yaro ne", sai a koma "Agbero ya zo karɓar kuɗi ke nan?" Kun zama ku uku a gefe ɗaya.

Daga nan sai a yi tsani. Yaron ya lissafo abubuwan da yake gudu, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon fargabar da zai ji in ya yi shi bai wanke ba. Shi zai ba da makin, ba ke ba, domin abin da kike ganin ƙarami ƙila shi ne dutse a wurinsa. Tsanin yaro irin naki zai iya zama haka: taɓa mariƙin ƙofar ɗaki ya jinkirta wanki minti biyar, maki 3. Zama a tabarmar da ƙanwarsa ta taka, 4. Riƙe canjin da kwandastan danfo ya miƙo, ba wanki sai lokacin cin abinci, 5. Alwala da buta ɗaya, kowace gaɓa sau uku, 6. Sallah da rigar da ya dawo da ita daga makaranta, 7. Kabbara ɗaya tak ko da zuciya ta ce niyya ba ta ƙullu ba, 8. Ya fito daga banɗakin da duk gidan haya ke shiga, ya yi tsarki yadda kowa ke yi, bai sauya wando ba, 9 ko 10. Ki lura, babu inda aka ce ya yi sallah da najasar da ya gani da idonsa. Shakka ake koya masa zama da ita, ba saɓo ba.

Ana farawa daga maki 3 ko 4. Ya yi abin, ya zauna, ke kina kusa, kowane minti biyar ki tambaye shi makinsa nawa yanzu. Fargabar takan hau tukuna, ta tsaya, sannan ta fara sauka da kanta, sau da yawa cikin minti ashirin zuwa arba'in. Wata rana ba za ta sauka sosai ba, kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Abin da ake so ya gano shi ne ya iya ɗaukarta bai wanke ba, kuma ba abin da ya faru. A maimaita mataki ɗaya kullum, minti ashirin zuwa talatin, har sai ya zama ba ya tayar masa da hankali, galibi kwana uku zuwa mako guda, sannan a hau na gaba. A yaba masa a kan ƙoƙari, ba a kan rashin jin tsoro ba. Ƙaramar lada tana taimakawa: tauraro a takarda, in sun kai goma a saya masa abin da kuka yi alkawari.

Inda aka fi samun tangarɗa wurare kaɗan ne, kuma kusan kullum su ne dai. Akwai gaggawa: uba ya ji bayani, ya ce to daga yau buta ɗaya, ya ɗauke jarka. An tsallake daga 3 zuwa 6 ba da yardar yaro ba, sai ya firgita ya ƙi horon gaba ɗaya. Akwai maimaicin ɓoye: hannu bai taɓa ruwa ba, amma a zuci yana ta jera a'uziyya sau bakwai bakwai, ko yana ƙirga, ko ya ƙudurta cewa in an yi barci zai tashi ya rama sallar. In kin ga makinsa ya faɗo daga 8 zuwa 1 cikin minti ɗaya, tambaye shi abin da ya yi a zuciyarsa. A'uziyya sau ɗaya sunna ce, a yi ta a wuce. Wadda ake maimaitawa har sai "ta zauna daidai" ta shiga hannun ciwon. Akwai kuma sauya sheƙa: an ci ƙarfin alwala, sai ga shi yana duba jakar makaranta sau goma. Ba sabon ciwo ba ne, a sa shi a tsani kawai. Na ƙarshe, a riƙa ɗauke masa hankali da waya lokacin horo. Hakan yana rage kuka, amma ba ya koyon komai.

Ga kuma wurin da ya fi wa uwa ciwo. Duk amsar da kike ba shi, "a'a, ba ta taɓa ba", ita ma wanki ce, da bakinki ake yin ta. Haka sayen ƙarin jarka dominsa, ware masa buta da kofi, wanke rigarsa sau biyu, hana ƙanwarsa zama a shimfiɗarsa, tsayawa a kansa kina ƙirga masa gaɓoɓi. Tausayi ne ya sa kike yi, kuma kusan duk iyayen masu wannan ciwo suna yi, don haka ba abin zargin kai ba ne. Amma da wannan hidimar ciwon ke ƙiba. A Jami'ar Yale ta Amurka, Eli Lebowitz da abokan aikinsa sun gwada horar da iyaye kaɗai a kan janye irin wannan hidima, ba tare da yaron ya zauna da likita ba. Sakamakon da suka fitar a 2020, a kan yara 124 masu ciwon fargaba, ya nuna sauƙin da aka samu ya yi daidai da na yaran da aka yi wa horo kai tsaye. Wannan yana da amfani a sani, musamman in yaro ya ce shi ba inda za shi.

Yadda za ki yi: mako na farko kada ki sauya komai, ki dai rubuta duk abin da gidan ke yi saboda ciwon, da sau nawa. Sai ki zaɓi guda ɗaya, wanda ke faruwa kullum kuma yake hannunki. Tambayar najasa ta dace. Ku zauna da shi, ke da Abbansa, lokacin da hankalinsa ke kwance, ba a bakin famfo ana rigima ba. Ku ce masa, "Mun san abin nan yana ba ka wahala ƙwarai. Mun gane amsar da muke ba ka ba ta taimaka maka, ƙara masa ƙarfi take yi. Daga gobe za mu amsa sau biyar kawai a yini." Ki ba shi tsinken ashana biyar kowace safiya, kowace tambaya ya biya da ɗaya. In sun ƙare, amsarki ɗaya ce, kuma da murya mai sanyi: "Na san kana jin tsoro, kuma na san za ka iya ɗauka." Gaɓa biyun nan duka ake so. In kin faɗi ta farko kaɗai, kin tabbatar masa shi mai rauni ne. In ta biyu kaɗai, kin yi kamar ba ki ga wahalarsa ba. Bayan mako guda a koma tsinke uku, sannan ɗaya, sannan babu.

Ki shirya wa kwanakin farko, don abin zai ƙaru kafin ya ragu. Zai yi kuka, zai bi ki har madafa, zai ce ba kya ƙaunarsa, ƙila ya ce alhakin sallarsa na wuyanki. A gidan haya inda maƙwabta ke jin komai, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a nan iyaye da yawa ke sarewa. Idan kika riƙe minti arba'in sannan kika amsa, kin koya masa cewa kukan minti arba'in ne kuɗin amsa. Gara ki zaɓi ƙaramin mataki da za ki iya tsayawa a kai. Kada ki yi gardama, kada ki kawo hujja, ki maimaita jimlarki sau ɗaya ko biyu ki ci gaba da aikinki. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu guguwar takan lafa. Kuma duk wanda ke gidan ya san tsarin, har kaka in tana nan, don in ke kin rufe ƙofa ita ta buɗe taga, an gudu ba a tsira ba.

Maigidanki kuma a gaya masa cikin girmamawa cewa duka ba ya fitar da wannan ciwo. Tsoro ne asalinsa, duka kuwa tsoro yake ƙarawa, sai yaro ya koma yi a ɓoye. Akwai aikin da ya fi kowa dacewa da shi: ya riƙa tafiya da yaron jam'i. Bayan liman ba damar yanke kabbara sau goma, kuma liman yana ɗauke wa mamu rafkanuwar da ba ta taɓa farilla ba. Su yi alwala tare, kafaɗa da kafaɗa, in uba ya gama ɗa ya gama. A lura dai kada ya dawo gida ya sake sallar. Addu'a da ruƙiyya ta ayoyin Alƙur'ani ba sa karo da magani. Abin da za a guje wa shi ne duka da sunan fitar da aljani, da hayaƙi mai shaƙe yaro, da gaya masa cewa akwai wani abu a jikinsa. Yaron da ke shakkar tsarkinsa, in aka ƙara masa da shakkar ko shi kaɗai ne a jikinsa, an ƙara masa kaya.

Hannuwansa kuwa, ki ɗauke Dettol, Izal, Hypo da garin sabulun wanki daga inda zai kai. Sabulun wanka mai laushi ya isa, a shafa man kaɗanya ko basilin safe da dare. In tsagar tana ruwa ko ta kumbura, a nuna wa likita.

Batun ƙwaya. Idan ciwon mai sauƙi ne ko matsakaici, da horo ake farawa. Idan mai tsanani ne, ko yaron ya kasa ko taka matakin farko, ko baƙin ciki mai nauyi ya haɗu da shi, ko ba a sami mai ba da horon ba, sai a haɗa da ƙwaya. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka buga a 2004, ya bi yara 112 masu shekara 7 zuwa 17 har mako 12. Waɗanda ciwon ya lafa musu kusan gaba ɗaya sun kai kashi 54 cikin ɗari a rukunin da aka haɗa wa horo da ƙwayar sertraline, kashi 39 a masu horo kaɗai, kashi 21 a masu ƙwaya kaɗai, kashi 4 a waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta. Wato ƙwaya tana aiki, amma ita kaɗai ba ta kai horo ba.

Waɗanda aka fi ba yara su ne sertraline, daga shekara 6, da fluoxetine, daga shekara 7. Yaro mai shekarun ɗanki akan fara masa da miligiram 25 na sertraline ko 10 na fluoxetine sau ɗaya a yini, likita ya riƙa ƙarawa a hankali. Na faɗi adadin ne don ki gane abin da aka rubuta miki, ba don a saya a kemis ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke ƙauna da wuri. Wannan ba maganin zazzaɓi ba ne. Sai an yi mako 8 zuwa 12 a kan adadin da ya dace kafin a ce bai yi ba, kuma waswasi yakan buƙaci adadi mafi yawa fiye da na baƙin ciki. In an samu sauƙi, ana ci gaba wata shida zuwa shekara, sannan a janye a hankali cikin makonni. Yankewa rana ɗaya, ko don kuɗi sun ƙare ko don an ga ya warke, yana kawo jiri, tashin zuciya da dawowar ciwon, saboda haka ki riƙa sayen na gaba tun saura na mako guda, a kantin magani mai rajista, mai lambar NAFDAC.

Makonni biyu na farko yakan ji tashin zuciya, ciwon kai ko sauyin barci, kuma galibi suna wucewa. Wanda ba a jira da shi: rashin natsuwa mai tsanani, fushin da ba a san shi da shi ba, kwana ba barci, ko maganar mutuwa. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a kan wannan rukunin ƙwayoyi a 2004, bayan an ga tunanin kashe kai a kusan yara 4 cikin ɗari masu shan su, a kan 2 cikin ɗari na waɗanda ba su sha ba, ko da yake ba wanda ya kashe kansa a gwaje-gwajen. Ma'anarsa a sa ido sosai a watan farko da duk lokacin da aka ƙara adadi, ƙwayar kuma ta zauna a hannunki. Kada a haɗa ta da tramadol. Diazepam da Lexotan, da wasu ke miƙa wa duk wanda ya ce hankalinsa ba kwance ba, ba sa maganin waswasi, kuma jiki yana sabawa da su. Da azumi ba sai an daina ba, tunda sau ɗaya ake sha, likita zai mayar da ita sahur ko buɗa-baki.

Ƙanwar tasa kuma, ki fara da tambayar ko wani abu na faruwa a makaranta ko a hanya: duka, tsangwama, ko wani babba da take tsoro. A kuma duba cikin a asibiti. In ba a sami komai ba, ciwon kuma yana ɓacewa da hantsi, ba ya zuwa ranar Asabar, to ya fi kama da fargabar rabuwa da uwa. Ciwon cikin gaskiya ne, ba ƙarya take yi ba, fargaba ce ke murɗa shi. Dokar ɗaya ce da ta yayanta: gudu yana ƙara tsoro. Kowace rana da ta zauna a gida tana ƙara wa komawa wuya. In kwanakin ba su yi yawa ba, ta koma gobe. In sun yi makonni, a yi mata tsani tare da malamar ajinsu: kwana biyu ta sa kayan makaranta ku je bakin ƙofa, sannan darasi ɗaya, sannan zuwa tara, sannan yini. Sallama a bakin ƙofa kada ta wuce minti ɗaya, kada ki sulale ba ta sani ba, kuma ki zo ɗaukarta a kan lokacin da kika faɗa, ki sa cunkoson hanya a lissafi. Ranar da ta zauna a gida, ba waya ba talabijin har a tashi makaranta. Kada ki manta yarinyar nan wata takwas tana kallon rigima a bakin famfo kowace asuba. Minti goma a yini nata ita kaɗai, ba maganar yayanta a ciki, yana yin aiki. In wata guda ya wuce ba sauyi, ki tafi da ita asibitin ita ma.

Inda za ki je: Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba yana da cibiyar yara da matasa a Oshodi, kuma daga Agege ba nisa. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja, da LUTH da ke Idi-Araba. Asibitocin koyarwa sukan nemi takardar turawa, wadda za ki iya karɓa a babban asibiti mafi kusa da ke, kamar na Orile-Agege. Sunan Yaba yana tsorata mutane, amma yaro irin naki ganin likita zai yi ya dawo gida ranar. Ki tafi da rubutun makon nan da kika yi, da takardar malam, domin mai ba da horon ƙila ba Musulmi ba ne, bai san iyakar alwala ba sai an nuna masa. Ki tambaye shi kai tsaye ko ERP zai yi, da tsani da aikin gida, kuma ko za a riƙa shigar da iyaye. In hira ce kawai da koyar da numfashi, ba za ta wadatar ba. In Turanci zai ba ki wahala, ki je da babba amintacce mai riƙe sirri, kada yaron ya zama shi ne tafinta a kan ciwonsa. Idan kuwa ya yi maganar kashe kansa, ko ya daina ci da sha don tsoron najasa, ba a jiran ranar ganin likita: sashen gaggawa a ranar, ko a kira 112 ko 767.

Bayan an samu sauƙi, ciwon yakan leƙo lokacin jarrabawa, da azumi, da bayan rashin lafiya ko rasuwa a dangi. Ku ajiye takardar tsanin, in ya leƙo a koma matakin da ya dace na mako ɗaya ko biyu tun bai yi jijiya ba. Akwai kuma ƙofar da ke gabansa nan da shekara biyu ko uku, wato balaga. Mafarki, maziyyi da wankan janaba sabon fili ne ga mai waswasi, kuma kunya ba za ta bari ya tambaye ki ba. Tun kafin lokacin, Abbansa ko malamin nan ɗaya ya koya masa hukuncin a taƙaice, da adadi: bokiti ɗaya, minti goma, in ya fito ya fito.